Malam Mu'az Mai Nemo wa Jamusawa Kakanninsu

Duk mai bin titin Takur da hantsi a Dutse ya san dattijon nan dogo siriri mai baƙin tabarau. Idan ya idar da lazimi ya karya da kunu, sai ya rataya tsohuwar jakarsa ya nufi shagon Nata'ala mai buga takardu, inda aka ware masa teburi a lungu, jikin tagar da ta fi haske. Ba ya hawa babur sai in ruwa ake yi. Yana isa zai gaisa da kowa, har masu jiran hoton fasfo, sannan ya zauna ya cire baƙin tabarau ya sa fari mai kauri, ya kunna kwamfuta, ya matso da fuska har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Na sha leƙa abin da yake kallo, ban taɓa ganin komai ba sai tafiyar tsutsa a kan tsohuwar takarda. Shi kuwa mutane yake gani a ciki, da ranar sunansu, da wanda suka aura, da inda aka binne su.

Sunansa Malam Mu'az Hussaini, amma in ka faɗi haka a Dutse sai an tsaya tunani. Ka ce Bajamushe, mai shayi ma zai nuna maka shagon. Mun daɗe muna koyarwa a sakandare ɗaya, shi tarihi ni Hausa, har muka yi ritaya. A watan jiya ya kwashe kayansa daga teburin nan, domin likita ya ce hawan jinin ido ya gama cin abin da zai ci. Ba a yi masa walima ba, ba a ba shi ko agogon bango ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ya tashi daga teburin da sunayen kakannin mutane ba iyaka a kansa, ban da guda ɗaya da ya fi buƙata, wato sunan kakansa, mahaifin mahaifinsa. Mutum ɗaya ce ta san sunan a duniya, kuma tana raye a wani ƙauye kusa da Garki.

Yadda Bafillatanin Garki ya zama Bajamushe ba wani abin al'ajabi ba ne. Yana saurayi aka ɗauke shi koyar da Hausa a wata jami'a a Jamus. A garin da ya zauna akwai wani tsoho mai kula da littattafan coci na da, waɗanda aka rubuta da irin rubutun hannun da jikokin masu shi ma yanzu ba sa iya karantawa. Sanyi ya hana Mu'az yawo, kaɗaici ya kai shi wajen tsohon, tsohon kuma ya samu mai sauraro. Da ya dawo gida, abokan tafiyarsa sun dawo da motoci, shi ya dawo da iya karanta rubutun matattu.

Ya yi mini bayanin mutanen nan a ɗakin malamai har na haddace ba da son raina ba. Tun Amurka tana hannun Ingila, yaƙi da yunwa da zaluncin sarakuna suka kori talakawan Jamus daga ƙauyukansu na bakin kogi, manoma da masaƙa da maƙera. Suka gangara zuwa teku, suka cunkusu a jiragen katako, aka yi ta tafiya wata da watanni, mai mutuwa yana mutuwa ana jefa shi ruwa. Waɗanda suka kai Filadelfiya, sai a tasa mazan zuwa gaban hukuma su yi wa Sarkin Ingila mubaya'a, kowa ya rubuta sunansa, wanda bai iya ba ya yi alama. Wanda bai iya biyan jirgi ba, a sayar da ƙarfinsa ya yi wa wani bauta ta wasu shekaru. Yau jikokin jikokinsu sun cika Amurka, sun ƙoshi, sun tsufa, sai tambaya ta taso musu: daga wane ƙauye muka fito? Su ne suke turo wa Malam Mu'az hotunan tsofaffin takardun, wani ya gaya wa wani, har aikin ya fi ƙarfin hutunsa.

Yana da ƙa'ida ɗaya, kuma ya ce ba a Jamus ya koye ta ba, a ruga ya gan ta.

“Baƙauye ba ya ƙaura shi kaɗai,” in ji shi. “In ka rasa mutum, bar shi, nemi maƙwabcinsa. Duba wa ya tsaya kusa da shi ranar da suka sauka, wa ya tsaya masa ranar sunan ɗansa. Garinsu ɗaya.”

Nata'ala shaida ne a kan wata tsohuwa Ba'amurkiya da ake kira Loreta. Kakan kakanninta ya sauka Amurka yana ɗan shekara goma, iyayensa duka sun mutu a teku, aka ba da shi aikin gona wajen wanda bai san shi ba. Yara ba sa cikin masu sa hannu, don haka babu inda aka rubuta daga ina ya fito, kuma zuri'arsa sun nema sun gaji. Malam Mu'az ya bar yaron, ya bi wani maƙeri da yake ta bayyana a duk sunan da aka yi a gidan yaron bayan ya girma. Ya bi maƙerin baya har jirgi, daga jirgi har wani ƙauye, a littafin cocin ƙauyen kuwa sai ga yaron, ga uwarsa, ga ubansa, ga maƙerin ashe ƙanin uwarsa ne. Ranar da ya gaya mata ta wayar bidiyo, fuska da fuska, tsohuwar ta kifa kai tana kuka, shi kuma yana ta cewa ta yi haƙuri. Nata'ala ya ce tun da yake bai taɓa ganin ana ta'aziyyar rasuwar da ta kusa shekara ɗari uku ba sai a shagonsa, kuma shi kansa sai da ya fita waje ya share ido.

Mu kuwa a gida tsokanarsa muke yi. Inuwar giginya muke ce masa, na nesa ka sha. Ba mu yi masa adalci ba, domin duk hutun makaranta yana cikin ƙauyuka, daga Taura zuwa Kafin Hausa, yana haɗa wa mutane zumuncin da ƙaura ta yanke. Akwai wani gidan malamai a Kafin Hausa da suka san kakansu ya bar ɗan'uwa a yamma, ba su san ina ba. Shi ya nemo musu zuri'ar a Taura suna sayar da hatsi, yanzu har aure ya shiga tsakani. A irin wannan aiki babu littafin coci, sai tsofaffin mata, su ne suke riƙe da asalin kowa. Matsalar ita ce macen kirki, musamman Bafillatana, ba ta faɗin sunan mijinta, balle na surukinta, ko da sun shekara hamsin a ƙasa. Sai ya samo dabara. Ya zauna nesa kaɗan, ya kawar da kai, ya dinga jero sunaye ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwa tana cewa a'a, tana cewa a'a, har ya faɗo kan sunan, sai ta yi shiru ta ja mayafi ta rufe baki. Shirun nan shi ne amsarsa, kuma bai taɓa sa wata ta karya kunyarta ba.

Kai ne, Malam Mu'az, ka mayar wa marayan teku da uwarsa bayan duk wanda ya san su ya zama ƙasa. Kai ne ka shiga gidaje da goro a aljihu ka fito da dangi. Allura mai haɗa abin da ya yage. Abin da yake ci mini rai shi ne yadda dabarar da ta buɗe maka bakin tsofaffin Jigawa ta kasa yi maka aiki a ɗakin mahaifiyarka.

Mahaifinsa, Hussaini, shi ne mutumin da ya karya ƙa'idar. Shi kaɗai ya ƙaura. Wata shekara ya ɓullo gefen Garki daga gabas, da amaryarsa da 'yan shanun da ba su taka kara sun karya ba, bai ce ga inda ya fito ba, ba a kuma matsa masa ba. Hussaini Koɗo ake ce masa, wato baƙo. Mu'az yana rarrafe zazzaɓi ya ɗauke uban. Shanun suka ƙare a wajen rainon maraya, da su da yankan kunnensu da zai iya nuna gidan da suka fito. Matar, wadda kowa yake kira Dada, ta auri wani manomi mutumin kirki, ya riƙe Mu'az kamar shi ya haife shi, ya sa shi makaranta, ya tsaya masa ranar aure. Abin da Mu'az ya sani game da dangin ubansa bai wuce cewa tagwaye aka haifi uban ba, akwai wani Hassan a wani wuri. Ya sha zuwa kasuwar shanu ta Maigatari yana tambayar makiyaya, su kuwa sai su ce, “Malam, Hassan ɗan wa?” Nan maganar take mutuwa.

Ga shi kuma Mu'az ɗan fari ne. Tun da ya yi wayo Dada ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa kallonsa ido cikin ido ba. In abincinsa ya sauka, ƙyaure take gaya wa: “A ce wa wancan tuwo zai huce.” Da ya girma ya koma “mutumin Dutse”. Shi ma haka ya tashi, in ya je gaishe ta daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ya yi gaisuwar a taƙaice ya tashi. Ba ƙiyayya ba ce, duk wanda ya tashi a irin gidajen nan ya sani. In zai koma makaranta yakan tarar da man shanu a jakarsa, ba a taɓa cewa ga wanda ya sa ba. Amma ɗan da ba ya iya tambayar uwarsa ya ta kwana da kyau, ta ina zai zauna ya jero mata sunayen surukanta?

Ya taɓa aika ƙanwarsa Sa'adiyya, wadda Dada ta haifa a gidan na biyu, ta gwada dabarar. Ba ta kai suna na uku ba Dada ta katse ta.

“A gidan ubanki kike tambayata wasu maza? Yana raye, yana ci da ni?”

Sai Mu'az ya ga gaskiyarta, ya ce a bari. Manomin nan kuwa Allah ya ba shi tsawon rai. Da ya rasu, Mu'az ya ce a bari ta fita takaba. Da ta fita, ya ce a bari zuciyarta ta yi sanyi. Ana cikin haka Amurkawa suna ta turo aiki, kowannensu tsoho ne mai gaggawa, yana so ya ji kafin ya mutu, shi kuma yana ganin Dada da ƙarfinta, tana tatsar akuya da kanta. Bai farga ba sai da Sa'adiyya ta bugo waya ta ce Dada ta fara sallar azahar sau uku, kuma ta tambaye ta ita 'yar gidan wa ce.

Cikin damina ta bara na kai shi Garki a motata, domin idon ya riga ya hana shi tuƙi. Na tsaya a zaure, abin da ya faru a ciki shi da Sa'adiyya suka ba ni labari, bakinsu ɗaya. Dada tana zaune kan tabarma a inuwar ɗaki. Ya durƙusa daga nesa kamar kullum, da baƙin tabaraunsa, ya yi gaisuwa. Maimakon ta juya wa ƙyaure, sai ta juyo gare shi.

“Maraba da baƙo. Matso mana, rana tana dukanka. Ke yarinya, kawo wa baƙo nono.”

Ya haura sittin, ranar ce ta farko da uwarsa ta yi masa magana kai tsaye, kuma ta yi ne don ba ta san shi ba. Ya matso ya zauna a gefen tabarmarta.

“Daga ina?” ta tambaye shi.

“Daga Dutse, Dada.”

“Ina da wani a can,” ta ce, tana murmushi. “Malami ne. An ce har Turawa suna nemansa, wai shi yake gaya musu iyayensu. Ka san shi?”

“Na san shi.”

“Yana cin abinci kuwa? Tun yana ƙarami ba ya ci sai an yi kamar ba a kallonsa. Ni ta ɓular zana nake leƙensa.”

Mu'az ma'aikaci ne, ya ga ƙofar da ya jira duk rayuwarsa ta buɗe. Ya kawar da kai kamar yadda yake yi wa tsofaffin Taura.

“Shi ya aiko ni, Dada. Yana so ya san mutanen babansa. Zan faɗi sunaye, ba sai kin ce komai ba. Mahaifin maigidanki na fari, Buba ne?”

“A'a,” ta ce, tana dariya, abin ya zame mata wasa.

“Sambo?”

“A'a. Sambo ai mai bin shanunsu ne, gurgu.”

“Gidado? Yero?”

“A'a, a'a. Kai baƙon nan da ban dariya kake.”

Tana tuna su sarai, har da gurgun. Sunan yana nan a kanta, saura ya faɗo a kansa. To idon mai hawan jini ba ya son haske, ga kuma kukan da yake dannewa, ruwa ya cika masa tabarau har ba ya ganin tabarmar. Sai ya cire tabaraun, ya ture hula baya, ya sa hannun riga yana share fuska. Da ya ɗago, Dada tana kallonsa. Kallo na sosai, tun daga goshi har farin gemu, irin wanda ba ta taɓa yi masa ba tun ranar da ta haife shi. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta lalubi mayafi ta ja har ƙirji, ta sauka daga tabarmar ta durƙusa a ƙasa, ta juya wa bango.

Sa'adiyya ta dafa ta. “Dada, lafiya? Baƙon ne fa.”

Cikin raɗa ta amsa. “Ke ba ki da hankali? Baffa ne. Baban maigida ya zo, kin bar ni ina washe baki a gabansa, kaina ba lulluɓi.”

Ashe kamarsu ɗaya da kakan, kamar an tsaga kara, ba wanda ya taɓa gaya masa, domin ba wanda ya san su duka biyun sai ita. Ya kai shekarun da surukinta yake da su lokacin da aka kai ta gidansa tana amarya. Ya mayar da tabarau, ya ci gaba da jero sunaye, Dikko, Manu, Hammadu. A banza. Amarya ba ta cewa a'a a gaban surukinta, ba ta cewa i. Shirun da ya saba karantawa ya rufe kowane suna daidai wa daida.

Ya koma bayan sati biyu, ya koma bayan salla, ya sauya tufafi, ya sauya tabarau. Tana jin sallamarsa take jan mayafi. Sa'adiyya ta gwada ita kaɗai, Dada ta ce ta rufa mata asiri, mai sunan yana cikin gida zai ji. Tsufa ya kwashe mata sunayen 'ya'yanta, ya kwashe raka'o'in salla, ya kwashe hanyar banɗaki, ya bar mata kunya ko gezau. A hanyarmu ta dawowa ranar farko da muka hango duwatsun Dutse sai ya ce, “Ka ga, da ban cire tabaraun ba.”

Ba zan yi wa masu karatu ƙaryar cewa akwai wani haske a gaba ba. Idon ya tafi. Amurkawan sun samu na'urar da take karanta musu tsohon rubutun, ko da kuskure, sun rage bugowa. Cikin duk ɗaliban da ya koyar babu wanda ya zauna ya koyi ko dabarar jero sunaye, kowa yana neman abin da zai ci, ban kuma ga laifinsu ba. Tsofaffin da suke riƙe da asalinmu kullum sai an kai ɗaya makwanci, a yi addu'a a watse, ba wanda ya lura da yawan mutanen da aka binne tare da ita. Talakawan Jamus da aka kora kamar tumaki zuwa gaban hukuma, an wulaƙanta su, amma an rubuta su. Mu mun mutunta namu har mun rasa su.

Malam Mu'az, mun gode. Loreta ta gode, gidan malaman Kafin Hausa sun gode, mu da muka yi maka dariya a ɗakin malamai mun gode. Ka yi aikin da ba wanda ya sa ka, ka yi shi da ladabi, ba ka taɓa sayen suna da mutuncin tsohuwa ba, har a ranar da sunan naka ne. Allah ya saka maka, ya sanyaya maka idon da zuciyar, ya haɗa ka da kakan nan a inda ba a buƙatar tambaya.

Ku kuma masu tsohuwa a gida, kada ku jira takaba, kada ku jira hutu. In kunya ta hana ku, ku aika jika, ku aika ƙanwa, ku sayi goro ku zauna nesa ku jero sunaye, yau ɗin nan tun tana iya cewa a'a. Shi dai Malam Mu'az har yanzu duk Juma'a yana sa a kai shi Garki. Ba ya tambayar komai kuma. Yakan zauna a bakin ƙofa ya cire tabarau, ita tana durƙushe ta juya wa bango, ta sa Sa'adiyya ta kawo wa Baffa nono a ƙwarya mai kyau. Ya shanye, ya sa mata albarka kamar yadda suruki yake sa wa matar ɗansa, domin ya lura wannan ne kaɗai yake sa kafaɗunta su saki.